Furar Yaya Dije

Alhaji Sha'aibu ya gaji da ƙwai. Ya gaji da dafaffe, ya gaji da soyayye, ya gaji har da wanda matarsa Kulsum take kaɗawa da albasa da attarugu ta ce masa wannan daban ne. Ba wani daban, ƙwai ne. Da safe ƙwai, da rana 'yar tsokar kaza ko kifi da zogale, da yamma kindirmo ba suga, kuma duka a ɗan farantin da ake ɗora kofin shayi. Mutumin da duk Tudun Wada ta sani da sayen masara, wanda motocinsa suke ratso dajin Falgore da buhunan masara daga Doguwa har sito ya ƙi rufuwa, shi ne yake wuni a tsakiyar hatsi ya koma gida ya zauna gaban ƙwai.

Ba don marmari ya shiga wannan hali ba. Kafin bara ƙiba ta kai shi inda ba ya son tunawa. Salla a kan kujera yake yi. Gwiwoyinsa sun ƙi ɗaukarsa, suga ya hau, jini ya hau, in ya kwanta numfashinsa yakan ɗauke sai Kulsum ta girgiza shi. Da likitansa na Kano ya gaji da rubuta magani, sai ya ce masa akwai aikin da ake yi, a rage wa mutum tumbi ya koma ɗan mitsitsi, a haɗe shi da hanji ta gajeriyar hanya. Sha'aibu ya ɗauki Kulsum suka tafi Alƙahira aka yi. Da suka dawo ya ce wa kowa gwiwa ya je aka duba masa.

Kunya ce ta sa shi ƙaryar. Ya san majalisarsu ta bakin kasuwa, ya san bakin abokansa. A ce ƙato da furfura a gemu ya kasa riƙe bakinsa, sai da aka kai shi ƙasar Larabawa aka yanke masa ciki? Har jikokinsa sai an yi wa gori. Don haka ya sa Kulsum ta yi masa alkawari, magana ta tsaya tsakaninsu su biyu.

Aiki kam ya yi kyau. Suga ya sauka, goshinsa ya koma taɓa ƙasa, kujerar salla ta koma ɗakin baƙi. Amma rama ta zo da gudu. Wuya ya fito, manyan riguna suka zama kamar na aro. Mutane suna gaishe shi suna ƙarawa da "ya jiki?" da "Allah ya ƙara sauƙi", alhali bai ce wa kowa ba shi da lafiya ba.

Sai kuma rigimar abin da zai ci. Likitan da ya yi aikin, ta bakin tafinta, ya yanke hukunci a taƙaice: ba tuwo, ba shinkafa, ba burodi, ba taliya, duk wani abu mai sitaci ya manta da shi, suga kuwa ko a mafarki. A Kano kuma aka tura shi wurin wata matashiya mai ba da shawarar abinci. Ta saurare shi yana ba ta labarin jirin da yake ɗibarsa in ya miƙe, da kasalar da take hana shi zagaya sito, ta ce ai jiki ba ya tafiya babu hatsi sam. Ya fara cin nama ko wake, in da sauran wuri ya bi da 'yar lomar tuwon dawa ko acca, a hankali, yana taunawa, kada ya kora da ruwa, kuma ya yi nesa da zaƙi. Ya tambaye ta to wa zai bi, ita ko wancan? Ta yi murmushi ta ce kowane jiki da irin nasa. Wannan kuwa ba amsa ba ce ga mutumin da yake jin yunwa.

A wayarsa kuma akwai rukunin waɗanda aka yi wa irin aikin, 'yan Kano da Kaduna da Abuja, kullum cikin faɗa suke. Wannan ta ce cokalin shinkafa ne ya maido mata da duk abin da ta zubar, wancan ya ce rashin tuwo ya kusa kai shi ƙasa a bakin titi, wata ta turo hoton kabeji ta ce ga tuwon zamani. Sha'aibu ya karanta har idonsa ya yi yaji, daga ƙarshe tsoro ya zaɓar masa. Ya ce ba zai koma inda ya fito ba, ya haramta wa kansa hatsi gaba ɗaya.

Ana cikin kaka, wata rana ana sauke masara, ya hango Mujitaba ya kafe babur a bakin sito. Mujitaba ɗan yayarsa Dije ne, malamin firamare a Yako, mutum mai sanyin hali wanda ba ya zuwa haka kawai. Ya durƙusa ya gai da kawunsa, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya tambayi jiki, ya sake komowa kan iyali. Sha'aibu ya gane akwai magana, ya ja shi bayan buhuna.

"Lafiya dai? Yaya Dije fa?"

"Lafiyarta ƙalau, Kawu. Wato dai, ba ita ta aiko ni ba. In ta ji na zo ma sai ta saɓa mini."

"Ina jin ka."

Mujitaba ya sunkuyar da kai yana juya makullin babur. "Kawu, ranar sunan 'yata ka zo, Inna ta kawo maka tuwo da hannunta, ba ka taɓa ba. Mutane sun gani. Da aka yanke sabon gero ta yi maka fura ta bayar aka kawo, sai aka ce leburori aka ba wa. Dambun da ta aiko ma haka. A cikin leburorinka akwai ɗan garinmu."

"To sai me? Cikina ne ba na jin daɗinsa."

"Su ba haka suke cewa ba. Cewa suke tun da aka raba muku fadamar gado ka fara ramewa. Wai ka je an duba maka, an ce a abinci aka ba ka, an kuma ce kada ka ƙara cin abin hannunta."

Sha'aibu ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. Fadamar mahaifinsu ce, an raba ta kafin tafiyarsa Alƙahira. An ɗan yi musu a kan iyaka, kafin la'asar an daidaita, shi har ya manta.

"Wa yake faɗar wannan maganar banza?"

"Kowa, Kawu. Ba dai wanda zai faɗa a gabanta. Amma ka san ita ake kira tuƙin tuwo duk bikin da za a yi a unguwarmu. An yi bukukuwa, an yi suna, ba a aiko mata ba. Masu sayen furarta sun janye. Shekaranjiya 'yar maƙwabta ta shigo, Inna ta ba ta ƙuliƙuli, uwar ta biyo ta ta karɓe ta watsa wa kaji." Ya ɗago ya dubi kawunsa. "Ta daina fita, Kawu. Ko gaisuwar mutuwa ba ta zuwa."

Yaya Dije ce ta raine shi. Mahaifiyarsu ta rasu yana rarrafe, Dije tana amarya ta goya shi ta tafi da shi gidan mijinta a Yako. Ba mace ce mai daɗin baki ba. Bai taɓa jin ta ce ta yi kewarsa ba, abinci take zubawa. In ya yi kuka tuwo, ranar da ya sauke Alƙur'ani tuwo, in ya yi laifi ta zane shi sannan ta ba shi tuwo. Har ya girma ya yi arziki, in ya je ba ta tambayarsa yadda kasuwa take, sai ta tsaya a kansa har ta ga ƙasan kwano. In ana bin asali, rabin ƙibar da aka je Alƙahira aka yi wa aiki a tukunyarta aka fara ta. Kuma yana son matar nan fiye da yadda ya iya faɗa.

Da ya koma gida ya kwashe duka ya gaya wa Kulsum. Ta ajiye tsintsiyar hannunta.

"Alhaji, ka faɗa mata gaskiya kawai. Yayarka ce, uwa ce."

"In na faɗa wa Yaya, na faɗa wa Yako. In Yako ta ji, kafin in iso Kwanar Ɗangora Tudun Wada ta ji."

"To sai ka bar ta a bakin mutane?"

"Zuwa zan yi in ci, a gaban kowa. Ai yarinyar nan ta Kano ta ce ana ci kaɗan."

"Ta ce bayan nama, ta ce a hankali. Kai ka san Yaya Dije da kaɗan? Kuma cikin nan naka yaushe rabonsa da hatsi? Ka bari in tuƙa maka na dawa ka fara gwadawa a nan gida."

"Ni ba yaro ba ne, Kulsum."

Ta dube shi ta ɗauki tsintsiyarta. Ita ma ta gaji. Ta gaji da ɗora tukunya biyu, ta gaji da ƙirƙiro amsa ga matan da suke ja ta gefe a gidan biki suna tambayarta abin da yake damun maigida. "Allah ya tsare hanya," kawai ta ce.

Ranar Asabar ya kira Mujitaba ya ce yana tafe, ya ja motarsa shi kaɗai. Hanya cike take da kaka. An baza masara a gefen titi tana shan rana, ga shanyar shinkafa, ga motocin rake, a Kwanar Ɗangora ga masu waina da masu gasa dankali suna biyo gilashi. Duk abin da ƙasar nan take nomawa, duk abin da shi kansa yake saye yana sayarwa, shi ne abin da aka ce kada ya ci. Ya rufe gilashi don ƙanshin ya daina shigowa.

Ya isa Yako bayan azahar. Ya tarar da Yaya Dije zaune a bakin ɗakinta, ta tsufa fiye da yadda ya bar ta ranar suna. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa dalla-dalla, ba ta rage komai ba kuma ba ta ƙara komai ba, irin gaisuwar da ake yi wa baƙon kunya. Ba fuskarsa take kallo ba, wuyansa take kallo. Mujitaba ya shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumfa.

Kafin ya gama gyara zama, maƙwabta sun fara sallama. Matan da aka ce sun ɗauke ƙafa daga gidan, yau kowacce ta tuna tana da buƙata. Wannan aron rariya, waccan ɗan gishiri. A gabansu akwai Barakatu, tsohuwar aminiyar Dije, mai ido kamar na kaza a bakin turmi. Suka gai da Alhaji, suka yi masa ya jiki, suka jeru a gindin katanga ba wadda ta ƙara tada zancen rariya. Sha'aibu bai ji haushi ba. Shaidu ya zo nema, ga su kuwa sun kawo kansu.

"Yaya, yunwa nake ji," ya ce da ƙarfi, don na gindin katanga su ji. "Me aka dafa a gidan nan?"

Dije ta ɗago ta dube shi. "Yunwa?"

"Wallahi tun safe ban sa komai a cikina ba."

Ta tashi ta nufi madafi. Ashe tun da Mujitaba ya gaya mata take kan murhu. Ta kawo kwanon tuwon sabuwar masara, manyan malmala, da miyar ɗanyar kuɓewa man shanu yana yawo a kai. Ta koma ta kawo ƙwaryar fura rufe da faifai, ta ɗora ludayi. Ta ajiye, maimakon ta tsaya a kansa kamar yadda ta saba, sai ta ja baya ta zauna a inda take. Wannan ja da bayan ya fi komai yi masa ciwo.

Ya buɗe kwano, turiri ya bugi fuskarsa, yawu ya cika masa baki. Sai lissafi ya tashi. Nama babu a miyar balle ya fara da shi. Tuwo kuma yana tsoronsa, don ya taɓa haɗiye tsokar da bai tauna sosai ba ta tsaya masa a ƙirji rabin wuni. In kuwa ya gutsuri 'yar loma ya zauna yana juya ta a baki kamar mai ciwon haƙori, matan nan za su ce ai ga shi nan, tsoro yake ji. Fura fa? Fura ruwa ce. Nono kullum yana sha a gida, gero kuma ɗan'uwan dawa ne. Za ta wuce salin-alin, kuma zai iya sha da yawa kowa ya gani.

Ya ɗaga faifai, ya juya, ya yi bisimilla ya kai ludayi baki.

Tun kurɓar farko ya san ya yi kuskure. Yaya Dije ta dama ta ne yadda take dama masa tun yana yaro, suga har sai ludayi ya yi danƙo. A duk faɗan likitocinsa, wannan ne kaɗai abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai. Amma idanu suna kansa. Wanda ya kurɓi furar yayarsa sau ɗaya ya ajiye ludayi, ai gara ma a ce bai taɓa ba. Kuma, a faɗi gaskiya, ba don Dije kaɗai ya ci gaba ba. Ga citta, ga kanumfari, ga ɗan yajin barkono a bayan harshe, ga tsamin nono, ga gero, geron gaske. Sai da ƙwalla ta taru masa. Ya ɗebo ya sha, ya ɗebo ya sha, har ya ji ɗan tumbin nan ya cika ya tokare masa ƙirji.

"Kai, Yaya! Hannun nan naki!" ya ce yana share gemu.

Fuskar Dije ta ɗan saki. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce wa Mujitaba ya matsar wa kawunsa da ruwan wanke hannu.

"Ai furar Dije ba ta da ta biyu," in ji Barakatu daga gindin katanga. "Kullum nake faɗa."

Sauran suka ce ƙwarai kuwa. Hira ta fara ɗumi, ana zancen masarar bana da tsadar taki. Sha'aibu yana amsawa yana murmushi, yana cewa a ransa shi ke nan, an wuce wurin.

Zafi ne ya fara hawo masa ta ƙeya. Sai zuciyarsa ta kama bugawa kamar ana daka a ƙirjinsa. Gumi ya keto masa ta ko'ina, ya jiƙe hula, ya jiƙe wuyan riga, cikinsa ya murɗa. Ya tuna an gaya masa haka take faruwa in zaƙi ya afka wa hanji gaba ɗaya, an ce ba ta kisa, kwanciya ake yi ta wuce. Ya ce bari ya lallaɓa ya zagaya bayan gida kafin a lura. Ya dafa ƙasa ya miƙe, tsakar gida ta juya masa, ya zube a gefe ɗaya, hula ta gangara.

Salati ya tashi. Mujitaba ya yi tsalle ya tallafo kansa yana "Kawu! Kawu!" Sha'aibu yana jin komai, yana ganin komai dishi-dishi, amma harshensa ya yi nauyi.

"Manja!" Muryar Barakatu ce ta fi ta kowa. "A kawo manja a ɗura masa! Ku yi sauri kafin ya bi jini!"

Babu wanda bai san wa ake ɗura wa manja ba. Wanda ya ci guba ake ɗura wa. Abin da ake ta faɗa a bayan katanga yau an faɗe shi a tsakar gidan Dije, a gabanta, a gaban ɗanta. Ko wadda za ta ɗauko manjan ba ta motsa ba.

Dije ba ta nufi ƙanenta ba. Ta miƙe a hankali, ta zo ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryar da hannu biyu. Ba ta nemi ludayi ba, baki ta kafa. Tsohuwa ce da ba ta cin kirki, amma ta sha, ta tsaya ta yi numfashi, ta sake kafa baki. Fura tana bin haɓarta tana ɗiga a zanenta. Sai da ta ga ƙasan ƙwarya, ta sa yatsa ta kalace, ta kife ta a ƙasa. Sannan ta zauna dirshan ta jawo kwanon tuwo ta yanki loma.

"Kada wadda ta fita," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ku tsaya ku gani. In akwai abu a ciki, mu tafi tare ni da shi."

Sha'aibu yana kwance kansa a cinyar Mujitaba yana kallonta a karkace. Ya ga abubuwa a rayuwarsa, ya ga mota ta kife da masararsa a Falgore, ya ga fitilun ɗakin tiyata a saman kansa, amma bai taɓa ganin abin da ya ƙona masa rai kamar matar da ta goya shi tana cusa tuwo don ta nuna wa maƙwabta ba ta kashe shi ba. Kuma shi ya ja mata. Dariyar majalisar da yake gudu ta zama ƙarama ƙwarai.

"Yaya, bari," ya samu ya ce. "Mujitaba, tashe ni."

Mujitaba ya jingina shi da ginshiƙin rumfa. Sha'aibu ya tattaro babbar riga da 'yar ciki ya ɗaga su har ƙirji. Matan suka kau da kai, sannan suka juyo. Fata ce a saɓule, ta yi yawa ga jikin da take rufewa, ga ƙananan tabo nan da can a saman cibiya.

"Ku duba. Yaya Barakatu, matso ki duba, ke da kika fi kowa ido." Yana magana yana haki. "Ba gwiwa na je aka duba ba. Tumbina aka yanke, saboda ƙiba ta kusa kashe ni. Abin da ya rage bai fi kofin shayi ba. Ba ya ɗaukar suga, ba ya ɗaukar tuwo. Ko Kulsum ce ta dama furar nan haka zan faɗi. Ba wanda ya ba ni komai a abinci. Ni na kai kaina da ƙafata, na dawo na yi muku ƙarya."

Wata ta rufe baki da mayafi, kafaɗarta tana motsi, ya san dariya take dannewa. Ya san kafin gobe labarin ya riga shi isa Tudun Wada, har da ƙarin gishiri. Ya laluba ransa ya ji ko zai damu, ya tarar gajiya ta cinye wurin.

"Ikon Allah," in ji Barakatu. "Yanka tumbi! Ai ni dama na ce, Dije ba za ta..." Ba ta ƙarasa ba, don ba wanda ya taya ta. Ɗaya bayan ɗaya suka yi Allah ya ƙara sauƙi suka zame, suna sauri, kowacce tana son ta riga 'yar'uwarta kai labari.

Ya rage su uku. Bugun zuciyar ya fara lafawa, gumin ya fara sanyi a jikinsa. Dije ta ajiye lomar da take hannunta, ta wanke hannu, ta matso ta ja masa rigar ta rufe cikin.

"An yanka ka," ta ce.

"E, Yaya."

"An kwantar da kai an sa maka wuƙa, ina nan zaune ina dakan fura, ban sani ba."

"Kunya nake ji, Yaya."

"Kunyata? Ni da na wanke maka kashi?" Ta girgiza kai. "Da ka mutu a can fa? Sai a zo a ce mini gwiwa ce?"

Sha'aibu ya sunkuyar da kai. Mujitaba ya tashi ya ɗauko hular ya kaɗe ta, ya rasa inda zai ajiye, ya tsaya riƙe da ita.

Can ta ce, "Yanzu kamar yaya kake ci?"

Ya haɗa yatsunsa ya nuna mata. Ko yaron da aka yaye ya fi haka loma. "Likita ɗaya ya ce ko wannan kada in ci. Ɗaya ta ce in ci, amma bayan nama, kuma na dawa. Ni ma ban san wa zan bi ba. Na gaji, Yaya."

"Zuwa yaushe?"

"Shi ke nan. Tumbin ba ya komawa yadda yake."

Ta juya ta dubi kwanon tuwon da ba a ci komai a ciki ba sai lomarta, ta dubi madafi inda babbar tukunya take zaune a kan murhu. Sunanta ya wanku. Gobe ko jibi za a aiko mata tuƙin biki, yara za su dawo da kwanukan fura, Barakatu za ta shigo da goro kamar ba a yi ba. Ya zaci zai ga sauƙi a fuskarta. Bai gani ba.

"To yanzu in ka zo gidana," ta ce, "me zan yi maka?"

Ya buɗe baki zai ce ba komai, Yaya, zama kawai za mu yi mu yi hira. Sai ya tuna tun yana goye har ya yi furfura, ba su taɓa zama su biyu babu kwano a tsakaninsu ba. Ita kuwa ba gatse take yi ba. Da gaske take tambaya, ta zuba masa ido tana jiran amsa.